Mai Gadin da Ba Ya Barci Ma Yana Buƙatar Maigida

'Ya'yana, ku da aka fara danƙa wa amanar shafukan makarantu da asibitoci da ƙananan kamfanoni, da ku da kuke raba wa unguwa intanet daga na'ura guda a kan rufin shago, ku matso mu yi magana. Ina murna da ganin yadda kuka rungumi wannan sana'a, domin a lokacin da muka fara ta, littafin koyo ma wahalar samu yake yi. Sai dai akwai ramuka da nake ganin kuna faɗawa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk a wuri guda suke: wajen hana mugayen adireshi shiga na'urorinku ta hanyar katangar tsaro, wadda muke kira fayawol. Wasunku sun bar ƙofa a hangame. Wasu kuma sun sa mai gadi mai zafin hannu, yana korar ɓarawo da mai gida baki ɗaya. Dukkan biyun ana iya kauce musu.

Abu na farko da nake so ku cire daga zuciyarku shi ne tunanin cewa ku ƙanana ne, babu mai neman ku. Ku yi hayar sabuwar saba yau, wato kwamfutar da ke ɗaukar shafi, ku bar ta a kunne, gobe da safe ku buɗe rajistarta. A Ubuntu za ku same ta a /var/log/auth.log, a dangin Red Hat kuma a /var/log/secure. Za ku ga layi bisa layi na ƙoƙarin shiga ta ƙofa ta 22, wato ƙofar SSH. Wannan ya gwada sunan root, wancan ya gwada admin, wani test, wani ubuntu, kowanne da kalmar sirrin da ya cinko. Wasu layukan daƙiƙa biyu ce tsakaninsu, wasu kuma ƙarfe uku na dare suka zo, daga ƙasashen da ba ku taɓa hulɗa da kowa a cikinsu ba. Alhali ba ku faɗa wa kowa adireshin ba, ko shafi ma ba ku ɗora ba tukuna.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Adireshin IPv4 gaba ɗaya kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun a 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka fitar da manhajar ZMap, suka nuna cewa kwamfuta ɗaya mai layi mai ƙarfi za ta ƙwanƙwasa wa dukkansu ƙofa cikin ƙasa da minti 45. Saboda haka mai ƙwanƙwasa muku bai san sunanku ba, bai san abin da kuke sayarwa ba, yawanci ma ba mutum ba ne. Na'ura ce aka sake ta tana bin gida-gida tana murɗa kowane hannun ƙofa.

Ku tuna abin da ya faru a 2016. Wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo tana neman kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet na gida, tana gwada musu sunaye da kalmomin sirri wajen sittin kacal, irin waɗanda masana'anta ke sa wa kaya kafin a sayar. Da wannan ɗan jerin ta kame dubban ɗaruruwan na'urori. A ranar 21 ga Oktoba ta wannan shekara aka juya rundunar kan kamfanin Dyn, sai Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka gagari mutane da yawa a Amurka. Masu kyamarorin nan ba su san da hannunsu a ciki ba. Wanda ya bar ƙofarsa a sake, ba kansa kaɗai ya cuta ba, an mai da kayansa makamin cutar wasu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

To, da kun ga waɗannan layuka, zuciya za ta ce ku kwafi adireshin ku toshe shi da hannu. Na sha ganin matashi ya kwana yana wannan aiki, yana jera doka bayan doka a fayawol ta iptables, yana jin ya yi jarumta. Kafin gari ya waye waɗanda ya toshe sun tafi, sababbi sun zo. Wannan aikin na'ura ne, ku bar wa na'ura. Tun 2004 Cyril Jaquier ya fitar da Fail2ban don wannan buƙata. Aikinta mai sauƙin fahimta ne: tana karanta rajista, tana ƙirga kuskuren kowane adireshi, in ya wuce iyaka sai ta umarci fayawol ta rufe masa ƙofa na wani lokaci, lokacin na cika ta buɗe. Yadda take zuwa daga asali, kuskure biyar cikin minti goma yana jawo korar minti goma. Masu amfani da MikroTik kuma suna da irin wannan a jikin na'urarsu, ta hanyar jerin adireshi mai wa'adi. OpenSSH ma daga fitowa ta 9.8 a 2024 ya fara hukunta adireshin da ke yawan kuskure da kansa. Kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya rage shi ne hankalin da za ku ba su, domin mai gadi ne da ba ya barci, amma abin da maigida ya faɗa masa kaɗai ya sani.

Kafin ku sa shi a bakin ƙofa, ku fara gyara ƙofar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku duba ƙofofin da ke buɗe a sabar, duk wadda ba ta da aiki ku rufe. Dokar fayawol ta zama an hana komai sai abin da kuka halatta da gangan. Rumbun bayanai kamar MySQL ba shi da dalilin fuskantar duniya in manhajar da ke amfani da shi tana cikin gida ɗaya da shi. A SSH ku koma shiga da maɓallin sirri, ku kashe shiga da kalmar sirri gaba ɗaya, ku hana root shiga kai tsaye. Ranar da kuka yi haka, duk mai cinkon kalmar sirri ya zama mai ɓata lokacinsa, ko da ba a kore shi ba. Amma wanda ya bar admin123 a matsayin kalmar sirri ya dogara da korar adireshi, ya manta cewa mai sa'a a gwaji na biyu yake shiga, tun ƙirgen bai kai biyar ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sannan ku kiyayi ranar da mai gadin zai kore ku. Wannan yana faruwa fiye da yadda ake faɗa, domin kunya ke hana mutane ba da labarinsa. Na san wani yaro mai hazaƙa da ya tsaurara dokarsa, kuskure biyu kora ta har abada. Wata rana da dare shafin wurin aikinsa ya tsaya, ya tashi a gigice zai gyara, yatsa ya zame masa sau biyu, sai ƙofa ta rufe a fuskarsa. Sabar tana wata ƙasa, shi yana ɗakinsa, waya tana ta ƙara. Garin neman gira ya rasa ido. Saboda haka tun ranar farko ku tanadi hanyar komawa gida. A Fail2ban akwai ignoreip, inda ake rubuta adireshin da ba a taɓa kora. Ku sa tsayayyen adireshin ofis a ciki, ko ku shimfiɗa ɓoyayyar hanya da WireGuard ku riƙa shiga ta nan. Ku koyi amfani da allon gaggawa da kamfanin hayar saba ke bayarwa, ku gwada shi tun kuna cikin kwanciyar hankali. Duk lokacin da za ku taɓa dokokin fayawol daga nesa, ku bar taga ɗaya a buɗe, ku gwada shiga da wata sabuwa kafin ku rufe ta farko. A MikroTik ku danna Safe Mode, wanda ke mayar da komai yadda yake in layi ya yanke. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma gyaranku na Fail2ban ku rubuta shi a jail.local, kada ku taɓa jail.conf, domin sabuntawa na iya shafe abin da kuka sa a can.

Yanzu ga maganar da na fi so ta zauna muku: adireshi ba mutum ba ne. Tun Fabrairun 2011 babban rumbun adireshin IPv4 na duniya ya ƙare rabawa, shi ya sa kamfanonin waya suke tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya. Mu nan da mafi yawan mutanenmu da waya suke shiga intanet, wannan ya shafe mu kai tsaye. Adireshin da kuka gani a rajista yana iya zama na ɗalibi a Zariya da mai shago a Gusau da ma'aikaciyar jinya a Azare a lokaci guda, kuma gobe ya koma hannun wasu daban. Wake ɗaya shi ke ɓata gari: mutum ɗaya ya yi ta kuskuren kalmar sirri, ko wayarsa ta kamu da muguwar manhaja, sai a hukunta duk wanda ke bayan adireshin.

Na ga wannan da idona a wata makaranta ranar rufe rajistar ɗalibai. Yara sun yi cincirindo a ƙofar ofis, kowa riƙe da waya yana nuna shafin da ya ƙi buɗewa, wasu sun biya kuɗin mota daga ƙauye don a duba musu. Mai kula da sabar yana ta rantsuwa cewa komai lafiya, kuma a kwamfutarsa lafiya ɗin ne. Ashe 'yan ɗaliban da suka manta kalmar sirrinsu ne suka cika ƙirge, na'ura ta kori adireshin kamfanin waya, ta haɗa da duk wanda ke kan wannan layi. Babu ɓarawo ko ɗaya a cikin waɗanda aka hana shiga ranar.

Darasin shi ne hukunci ya zama da wa'adi, kuma ya dace da laifi. Ku fara da gajeriyar kora, in adireshin ya dawo ya maimaita ku tsawaita. Fail2ban tana da tsarin ƙara wa'adi a hankali, tana kuma da recidive, wanda ke kama masu yawan dawowa ya kore su na mako guda. Ku bambanta ƙofofi: SSH da ku kaɗai kuke shiga za ta ɗauki tsanani, amma shafin da jama'a ke shiga yana son sassauci. A can ya fi kyau ku jinkirta wa mai yawan kuskure, ko ku kulle asusun da ake hari na ɗan lokaci, ko ku nemi shaida ta biyu, maimakon rufe wa adireshi duka. Haka nan toshe ƙasa sukutum. Yana da daɗin faɗa, amma ku tuna da 'yan'uwanmu da ke karatu ko fatauci a Sudan da Masar da Saudiyya da Sin, waɗanda za su buƙaci shafin. Ɓarawo na gaske kuwa hayar saba zai yi a ƙasar da kuka yarda da ita ya dawo.

Wani ramin kuma yana jiran masu sa shafinsu a bayan Cloudflare ko wata na'ura mai karɓar baƙi a madadin saba. A irin wannan tsari, adireshin da ke bayyana a rajista na mai karɓar baƙin ne. In ba ku gyara ba, na'urarku za ta kori wanda ke kawo muku dukkan baƙinku, shafi ya ɗauke wa kowa. Ku saita Nginx ko Apache su ciro adireshin baƙo na ainihi daga bayanin da mai karɓar ya maƙala, kuma su yarda da wannan bayani daga gare shi kaɗai, domin kowa na iya rubuta ƙarya a wurin. A nan ne ma ya kamata ku gane cewa mai wayo zai iya juya mai gadinku a kanku. In ya gano cewa kuna kora ba tare da tantancewa ba, sai ya sa a rubuta adireshin abokin hulɗarku a rajista, ku kore shi da hannunku. Saboda haka adireshin da rayuwar aikinku ta rataya a kansu, kamar na kamfanin da ke karɓar muku kuɗi, ku san su, ku kare su daga kora.

Bayan kun kafa komai, kada ku ɗauka yana aiki don kawai bai yi ƙorafi ba. Gani ya kori ji. Ku ɗauki wata waya a kan wani layi, ku yi kuskuren da gangan, ku ga ko an kore ku, ku kuma ga ko an sake ku da wa'adi ya cika. Umarnin fail2ban-client status zai nuna muku wanda ke tsare. Ina nanata wannan ne saboda abubuwa biyu da suka kayar da mutane da yawa. Na farko, Debian 12, wanda ya fito a 2023, ba ya zuwa da rsyslog kamar da, don haka fayil ɗin auth.log ba ya nan sai an girka shi, kuma dole a nuna wa Fail2ban ta karanta daga systemd. Na biyu, Docker yana rubuta nasa dokoki, ƙofar da ya buɗe wa manhaja tana iya kewaye dokokin fayawol ta ufw, ku ga an rubuta an kori adireshi alhali yana ciki yana yawo. Don haka aka tanadi sarƙar DOCKER-USER. Mai gadin da ke tsaye a ƙofar da ba ta nan ake shiga ba, ya fi rashinsa haɗari, domin yana sa maigida barci.

Idan jerin korarru ya yi tsawo, ku kula da yadda kuke ajiye shi. A iptables kowace doka ana bin ta ɗaya bayan ɗaya, dokoki dubbai kuwa nauyi ne a kan kowane saƙo da ya shigo. Ku zuba adireshin a ipset, ko a jerin nftables, wanda ya shiga Linux tun 2014. Doka ɗaya ce za ta duba jerin duka cikin sauri, kuma kowane adireshi yana iya ɗaukar wa'adinsa ya fita da kansa. Kada kuma ku manta da IPv6. Da yawa sun kulle IPv4 tam sun bar ɗayar a buɗe. A can mutum ɗaya yakan sami yanki na /64, wanda adireshin cikinsa sun fi ƙarfin ƙirga, don haka korar adireshi ɗaya ba ta hana shi komai, yankin ake dubawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba sai kowa ya sha duka kafin ya san mai dukan ba. Spamhaus tana wallafa jerin DROP, na yankunan adireshin da aka sace ko suke hannun masu laifi. AbuseIPDB tana tara ƙorafin masu kula da saba daga ko'ina. CrowdSec, wadda ta fito daga Faransa, tana raba labarin maharin da wani ya gani ga sauran masu amfani da ita. Ku amfana da su, amma ku san wanda ya tara jerin da yadda ake fita daga cikinsa, ku kuma sa ya riƙa sabunta kansa. Jerin da kuka kwafo shekara biyu da suka wuce kuka manta da shi, yau mutanen kirki yake hanawa.

Duk da wannan, ku san iyakar abin. Korar adireshi tana maganin mai naci daga wuri ɗaya. Ba ta ganin mai rundunar na'urori dubu da kowace ke gwaji ɗaya ta wuce. Ba ta tare wanda saƙo ɗaya ya ishe shi, kamar yadda aka gani a Disambar 2021 da ɓarakar Log4Shell. A 2018 an sami ɓaraka a Winbox na MikroTik, kamfanin ya fitar da gyara a watan Afrilu, amma na'urori masu yawa ba a sabunta su ba, har aka ga irinsu cikin rundunar Mēris a 2021. Ku da kuke raba intanet da waɗannan na'urori, kada ku bar ƙofar Winbox, wato ƙofa ta 8291, tana kallon duniya. Haka kuma in aka yi muku ambaliyar saƙonni har layinku ya cika, fayawol ɗin cikin saba ba za ta cece ku ba, domin ruwan ya riga ya ci hanya. Sai kamfanin da ke ba ku layi ya tare daga sama. Sabunta manhaja a kan lokaci, da shaida ta biyu wajen shiga, da ajiyar bayanai a wani wuri daban wadda kuka gwada dawo da ita, su ne ginshiƙai. Rigakafi ya fi magani.

Akwai kuma ranar da zuciya za ta ɗebe ku ku ce sai kun rama, ku bi adireshin da ya dame ku ku kutsa masa. Kada ku fara. Galibi na'urar wani bawan Allah ce da aka kame, shi ma abin tausayi ne. Ban da haka, dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma ba ta ware mai ramuwa ba. Abin da ya dace shi ne ku adana rajista, ku aika ƙorafi ga kamfanin da ke da adireshin, in abin ya yi girma ku sanar da hukumar ngCERT. In kuwa har an shiga an taɓa bayanan mutane, kada ku ɓoye don tsoron faɗa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan ɓarnar na iya cutar da masu bayanan, kuma tun kafin doka, amana ta wajabta faɗin gaskiya.

'Ya'yana, ban faɗi waɗannan don in tsorata ku ba. Babu ɗaya a ciki da ya fi ƙarfinku, kuma kun fi mu saurin koyo. Ku ware ɗan lokaci kowane mako ku karanta rajista da idonku, ku duba wa aka kora da dalilin korarsa, ku tambayi kanku ko akwai mai gaskiya a cikinsu. Kowace doka da kuka sa, ku rubuta dalilinta da ranarta, domin wanda zai gaje ku ya san abin da zai taɓa da wanda zai bari. Abin da ya shige muku duhu ku tambaya, matambayi ba ya ɓata, kuma wanda kuka fahimta ku koya wa na bayanku. Sakamakon jarrabawar ɗalibi da takardar asibitin mara lafiya da ɗan jarin mai shago duk suna bayan ƙofar da aka ba ku tsaro, masu su kuwa ba za su taɓa sanin sunanku ba in kun yi aikin da kyau. Ku yi shi da kyau duk da haka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ikon riƙe amana.